Sallah na matsowa, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu, ina koyarwa a makarantar firamare. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma shi ne babba a gidansu, don haka duk Sallah girkin gidan surukaina a wuyana yake, ga kuma na gidana. Yau azumi goma sha takwas. Ɗinkin yara biyu yana wurin tela, na sauran biyun ko yadi ba a saya ba. Rabona da idi shekara shida, domin lokacin da ake sallar ina gaban murhu. Shekaranjiya autata ta zo da murnarta za ta yi mini wasan tashen da ta koya, na daka mata tsawa, ta fita sum-sum, ni kuma na shige ɗaki na yi ta kuka. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce in gode wa Allah, wasu ko abin buɗa-baki ba su da shi. Na san haka ne. Amma wallahi, Gwaggo, ba na jin daɗin komai, burina kawai Sallah ta zo ta wuce. Shin rashin godiyar Allah ne ya kama ni?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da shan ruwa, sannu da ɗawainiya, Allah Ya sa a mizani.

Bari in fara da tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita, don na san ita ce ta fi ci miki rai. A'a, ba rashin godiyar Allah ba ne. Mara godiya ba ta shiga ɗaki ta yi kuka don ta tsawata wa 'yarta, ba ta kuma zama cikin wannan zafi ta rubuto wasiƙa tana tuhumar kanta. Gajiya ce ta yi miki yawa. Mai mura ko an turara masa turaren wuta mafi tsada ba zai ji ƙanshi ba, kuma ba wanda zai ce turaren ne ba shi da kyau, ko mai murar ne ya raina shi. Haka gajiya take toshe zuciya, abin daɗi ya zo har gabanki ya wuce ba ki sani ba.

Ba ki faɗa mini yadda wuninki yake ba, amma zan iya lissafa shi, domin na yi irinsa. Ƙarfe uku da rabi kin tashi haɗa sahur. Bayan asuba ba komawa barci, sai shirin makaranta, naki da na yara. Ki wuni a tsaye gaban aji da busasshen maƙogwaro, ki dawo cikin ranar da a watannin Maris da Afrilu takan kai digiri 40 a Kano. Kafin ki ajiye jaka lokacin surfa wake ya yi, ga aiken markaɗe, ga damun kunu. A kira magariba kina gaban kaskon ƙosai. Bayan asham ga wanke-wanke, ga tunanin abin da za a ci da asuba. In kin sami barcin awa huɗu kin yi sa'a, alhali jikin babba kusan awa bakwai yake nema. Kwana goma sha takwas a haka, ko dutse ne ya fara tsagewa.

Sannan ga aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma a cikin wannan shekarar akwai lokacin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashin tsada. Ke da maigidanki masu jiran ƙarshen wata ne. Abin da kuke shiga Kantin Kwari da shi shekara biyar da suka wuce ku fito da kayan yara huɗu, yau da ƙyar ya ɗauki na biyu. Wannan ba sakacinki ba ne, kuma ina so ki daina ɗora wa kanki shi.

Masu ce miki ki gode wa Allah gaskiya suka faɗa, sai dai sun faɗe ta a inda ba ta warkarwa. Akwai godiyar da ake tuna wa mutum don ya yi shiru, akwai kuma wadda take tasowa da kanta lokacin da ruwan sanyi ya ratsa maƙogwaro, mutum ya ce alhamdu lillahi tun kafin ya yi tunanin faɗa. Ta biyun kike nema, kuma ita ba a samunta a guje. Ki duba ayar azumi a cikin Suratul Baƙara, aya ta 185. Allah Ya ce Yana nufin sauƙi gare ku, ba Ya nufin tsanani gare ku, domin ku cika adadin, ku girmama Shi a kan shiriyar da Ya yi muku, ko kwa gode. Sauƙi aka fara ambata, godiya ta zo a ƙarshe. Ni dai duk lokacin da na karanta ta sai in ji kamar da mu mata masu hidimar gida ake magana.

To, daga rage kaya za mu fara, domin in na ce miki ki tsaya ki ji daɗin ƙananan abubuwa alhali tukunya uku na jiranki, na ƙara miki wani aikin ne kawai.

Me Sallah take nema a wurinki? Maigida ya fitar da zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, kafin a fita sallar idi. A yi wanka, a sa mafi kyawun tufar da ake da ita, a ci wani abu kafin a fita, a je filin idi ana kabbara, a gaisa da 'yan'uwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino yake ci da safiyar Ƙaramar Sallah, adadin mara, sannan ya fita. Ummu Aɗiyya ta ruwaito cewa ya umarci mata su fita idi, har wadda ba ta da tsarki ta je ta halarci addu'ar Musulmi. Da aka ce masa wata ba ta da mayafi, sai ya ce 'yar'uwarta ta ara mata nata. Kin ji, da mayafin aro ma ana zuwa idi. Sauran abubuwan, tuwon Sallah da waina da miyar taushe, cincin da dubulan, sabon ɗinki, goron Sallah, al'adarmu ce, kuma ina ƙaunarta har raina. Amma al'ada riga ce, daidai jikin mai ita ake yanka ta. Ba daidai ba ne a ce saboda tuwo kin yi shekara shida ba ki ga sahun idi ba.

Ki sami maigidanki a daren nan, bayan ya ci abinci ya huta, ba lokacin da ya shigo da yunwa ba. Kada ki fara da lissafin abin da ba a saya ba, domin shi ma na tabbata yana kwana da nasa lissafin. Ki ce masa, "Abban yara, ina da buƙata ɗaya. Bana ina so in je idi, rabona da shi shekara shida. Ka taimaka mini mu tsara yadda za a yi." Da wuya namijin kirki ya ji wannan ya ƙi. Maganar Hajiya kuwa ki bar masa, shi ya san ta bakin da zai shiga wa mahaifiyarsa, kuma in ta fito daga bakinsa ba za a ce suruka ta gaji da dangin miji ba. Faccalolinki ke za ki kira su da kanki, a matsayinki na babbar yayarsu, da fara'a: wance ta zo da waina, wance ta ɗauki zoɓo da kunun aya, ke ki riƙe tuwo da miya. 'Yan matan gidan da ƙannen maigida su ɗauki rabon kwanuka da wanke-wanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai yiwuwa ba wanda ya taɓa tayi ne saboda ba ki taɓa nuna kin gaji ba. Mace mai juriya takan sa mutane su manta cewa ita ma jiki gare ta. Wata za ta ɗan tura baki, ki ƙyale ta, badi za ta saba. In kuma aka ce ai namiji ba ya shiga sha'anin girki, to an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita.

Abin da za a iya yi tun da wuri a yi shi. Cincin yana mako a rufaffen bokiti bai yi komai ba. Kayan miya a markaɗa a dafa su tsotse tun jajibiri, nama a soya da dare. In kika yi haka, da safe tuƙin tuwo kaɗai zai rage, shi kuwa ko bayan an sauko aka yi ba wanda yunwa za ta kashe.

Batun ɗinki, abu ɗaya ne ba zan sassauta miki a kansa ba: kada biyu su sa sabo biyu su sa tsoho. Yaro yana manta launin rigarsa, amma ba ya manta Sallar da aka yi wa ɗan'uwansa aka bar shi. Kada kuma ki kai sabon yadi wurin tela a goman ƙarshe, domin a wannan lokacin mafi yawansu sun karɓi abin da ya fi ƙarfin kekensu, ki zo daren Sallah kina zaune a shago kina jiran a sa aljihu. Ki nemi ɗinkakku daidai ƙarfinku, kala ɗai-ɗai ya isa. In kuɗin bai kai ba a rage daga lemon kwalba da yawan kaji. Kuma don Allah ban da bashi. Ba banza magabata suka ce Sallah takan wuce ta bar mutum da bashi ba. Shawwal wata ne mai tsawo ga wanda ya ci albashinsa tun a Ramadan.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zaɓi wasiƙarki cikin waɗanda suka zo mini.

Sallar farko bayan rasuwar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, na zauna ina ƙoƙarin tuna atamfofin da ta sa a Sallolin da muka yi tare. Wallahi ko ɗaya ban iya kawo zanenta a raina ba. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne daren Sallah. Bayan ta gama yi mana kitso, ta ƙunsa mana lalle ɗaya bayan ɗaya, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kwaɓa ragowar lallen ta ƙunsa wa kanta ƙafa biyu, ta naɗe da tsumma. Daga nan ba ta ƙara tashi. Fitilar ƙwai na gefenta, goro na bakinta, mu kuma mun kewaye ta da ɗaurarrun hannaye, tana ba mu labarin Sallar ƙuruciyarta. Duk mai neman wani abu sai dai ta nuna masa inda yake. A duk wata guda na azumi, wannan ne kaɗai daren da muke ganinta a zaune. Sai da na girma na yi nawa gidan na gane cewa da gangan take yi. Ta san wadda ta ƙunsa lalle ba a aikenta, ita ma ba ta iya aiken kanta. Ɗaure ƙafarta take yi don ta samu ta zauna da mu.

Ita ma tana da surukai, tana da tukwane, kuma ba ta da injin markaɗe, a turmi da dutsen niƙa take komai. Ba ta jira aiki ya ƙare ba, domin ta san aikin gida ba ya ƙarewa. Ke kuwa, 'yata, na lura kin ajiye jin daɗinki a bayan Sallah: in an gama ɗinki, in an gama girki, in baƙi sun watse. Bayan Sallah kuma makaranta za ta koma, ga Sitta Shawwal, kafin ki farga kwana saba'in sun cika Babbar Sallah ta iso da nata lissafin ragon. Ranar da kike jira ba ta cikin kalanda. Abin da yake hannunki shi ne 'yan mintocin da ke cikin yau, kuma suna nan, ba sai an saya ba.

Ki fara da buɗa-baki. Na san yadda kike yi: ki kurɓi ruwa a tsaye, dabino a baki, ludayi a hannu. Daga yau, in ladan ya kira magariba, ki sauke kaskon, ki zauna a ƙasa tare da yaranki. Minti biyar ne. Ƙosan da bai soyu ba zai jira. Ki riƙe kofin da hannu biyu, ki yi bismillah, ki sha a hankali har ki ji inda ruwan ya sauka. In kuna da randa, ki sha nata. Ruwan randa yana da wani sanyi mai taushi da ƙanshin ƙasa wanda ƙanƙarar saye ba ta da shi. Jikin randar ne yake tsattsafo da ruwa, iska ta busar, sai na cikin ya huce, ko akwai wuta ko babu. Wanda ya wuni da ƙishirwa a zafin Kano, aka miƙa masa wannan kofin, ba shi da abin da zai yi wa wani sarki hassada a wannan mintin. Kina da wannan kyauta sau ɗaya kowace rana, kuma saura kwana goma sha ɗaya ko sha biyu ta wuce sai badi.

Akwai kuma ɗan lokacin nan bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, lokacin da iska take da ɗan sanyi kafin rana ta fito da fushinta. Yara sun koma barci, unguwa ta yi tsit in ban da karatun da ke tashi daga masallaci da kukan zakara. Kada ki tashi daga kan sallaya nan take. Ki jingina da bango, ki miƙe ƙafa, ko ba ki ce komai ba. Wannan lokacin naki ne, ba na makaranta ba, ba na surukai ba.

Sauran kuwa ke za ki fi ni sanin su, domin a gidanki suke. Ƙanshin tsamiya lokacin da aka zuba ta a kunu. Cincin na farko da aka tsamo daga mai, wanda bayan shan ruwa za ki ɗanɗana tun da zafinsa kafin yara su ankara. Sautin kekunan ɗinki da ke tashi daga shagunan unguwa har tsakar dare. Mangwaron farkon shekara. Yadda yaro yake gwada sabon takalmi a kan katifa don kada ƙasansa ya yi datti, ya kuma kwana da shi a gefen filo. Daren da kowa ya kasa kunne a rediyo ana jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, da ihun yaran unguwa in aka ce gobe Sallah. Ba na ce ki tilasta wa kanki murna ba. In abu ya zo, ki tsaya masa daidai numfashi uku, ki ce a ranki, "Wannan da daɗi." In ba ki ji komai ba a ranar farko, kada ki damu, mura ma ba a rana ɗaya take sakin hanci ba.

Abu ɗaya da yake saurin kashe irin wannan ɗanɗanon shi ne waya. A kwanakin nan WhatsApp da Instagram da TikTok sun cika da hotunan leshi da akwatunan kayan Sallah da teburan buɗa-baki. Ba wadda take ɗora hoton bashin da ta ci, ko faɗan da aka yi kafin a ɗauki hoton. Minti goma kina kallon teburin wata, sai kunun gabanki ya koma salam. Ki ajiye wayar daga la'asar zuwa bayan asham, ko da na waɗannan kwanakin ne kawai.

Sai maganar auta. Ki kira ta yau, ki ɗora ta a cinya, ki ce, "Ranar nan Umma ta gaji ne, ba ke kika yi laifi ba. Yi haƙuri. Zo ki yi mini tashen nan in gani." Ba wa ɗa haƙuri ba ya rage girman uwa. Ki zauna ki kalla tun daga farko har ƙarshe, ki yi dariya inda ya kamata, ki ba ta tukuici ko na naira hamsin ne, kamar yadda ake ba 'yan tashe. Ki yi sauri, domin tashe na goman tsakiya ne, ya kusa wucewa, ita ma shekarun da za ta riƙa rugowa ta nuna miki abin da ta koya ba su da yawa.

Kada ki ɗauka irin wannan zama ɓata lokaci ne a wata mai alfarma. Nana A'isha ta ba da labarin wata ranar idi da Habashawa suke wasa da garkuwa da masu a masallaci. Annabi ya tsayar da ita a bayansa, kuncinta a jikin kuncinsa, tana kallo, bai ce mata ta yi sauri ba har sai da ita da kanta ta gaji, sannan ya tambaye ta ko ya ishe ta. A wannan gida ne kuma ta ce akan ga jinjirin wata uku a jere ba a hura wuta ba, dabino da ruwa kawai ake rayuwa a kai. Gidan da ba a ɗora tukunya ba, amma an sami lokacin tsayawa kallon wasa ranar idi. Duk lokacin da hidimar Sallah ta nemi ta shanye ni, wannan tsayuwar nake tunawa.

Ranar Sallah, in Allah Ya kai mu, ki yi wankanki da wuri, ki sa atamfar da kika fi so cikin waɗanda kike da su, ki turara ta tun dare. Ki ci dabinonki uku, ki kama hannun auta, ku fita. Ba sai kin je Ƙofar Mata ba in ya yi miki nisa, filin unguwarku ya isa. Ki saurari yadda kabbara take tasowa daga kowane lungu tana haɗuwa a titi, ƙanshin sabuwar shadda da turare, tsofaffi da darduma a kafaɗa, yara suna tafiya a hankali don kada su ɓata takalmi. Ki shiga sahun mata, ki ji kafaɗar wata a jikin taki. In an idar ki dawo ta wata hanyar daban, kamar yadda sunna ta koyar, ki gaisa da waɗanda ba ki saba haɗuwa da su ba. In kin iso gida, kafin ki taɓa muciya, ki haɗa shayi ki zauna ki sha da hantsi. Wata guda rabonki da sa wani abu a baki da rana tsaka; kofin nan na farko yana da wani daɗi da ba ya maimaituwa sai wata shekarar. Washegari kuma, in an yi Hawan Daushe kuma yaran suna so, ki bar babansu ya kai su kallon dawaki, ke ki rufe ƙofa ki ɗumama tuwon jiya ki ci ke kaɗai, ki yi barcin da kike bin kanki bashi.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye miki ba, saboda kin ce ba kya jin daɗin komai. In gajiya ce, za ki ga sauƙi da zarar kin fara samun barci kuma nauyin ya ragu. Amma in Sallah ta wuce, kin huta, kuma aka yi mako biyu ko fiye kina nan yadda kike, kuka ba dalili, barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, abinci ya fita a ranki, abin da kike so da duk ya daina burge ki, to ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran cututtuka, yana kama masu imani da masu ibada, kuma ana maganinsa. A duba miki hawan jini ma tun da kin je. In kuma wani tunani ya taɓa zo miki na cutar da kanki, kada ki jira mako biyun, ki faɗa wa maigidanki ko wata 'yar'uwa da kika amince da ita a ranar, ku tafi tare.

Ki aika a sayo miki lalle tun yanzu, jan lalle na gargajiya, ban da baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi, domin yana ƙona fatar wasu, musamman yara. Daren Sallah, in kin sauke naman kin rufe miyar, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ki ƙunsa wa auta, ki ƙunsa wa yayyenta mata in akwai, sannan ki miƙe ƙafafunki biyu ki ƙunsa wa kanki, ki ɗaure da kyau. Duk wanda ya zo neman wani abu, ki nuna masa inda yake.

Ki rubuto mini bayan Sallah, ina so in ji ko lallen ya kama. Ki gaishe mini da yaran, ki shafa mini kan auta. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya nuna mana Sallah lafiya.

Gwaggonki